Mai Tambayar Ma'anar Waƙa

Ku matso kusa, ku rage murya. Abin da ya sami Malam Lurwanu zan ba ku, wanda ya koya mana Turanci a Dandume.

Mutumin yana son wasu tsofaffin waƙoƙin Turawa, masu garaya mai kaushi da murya kamar daga cikin rijiya. Kullum suna tashi a wayarsa in yana bisa babur.

Wata Laraba, rana tsaka, ya biyo hanyar gonaki shi kaɗai. Ba tsuntsu, ba iska. Gindin wata kuka sai ga mace da lulluɓi, ta ɗaga hannu. Ya tsaya, ta hau. Babur bai ko nutsa ba.

Sun ɗan taɓa tafiya, ta ce, "Malam, me mai waƙar nan yake cewa?"

"Kuka yake. Wai masoyiyarsa ta yaudare shi."

"Sake saurara."

Ya saurara. "Haka dai ya ce, baiwar Allah."

"Haka ya ce. Amma shi ya yi ƙaryar. Ba ka ji inda muryarsa ta karye ba? Ya bar ta tana jira, ya je yana sayar da hawayenta."

Nan wayar ta mutu. Waƙar ba ta tsaya ba. Daga bayansa take fitowa, muryar Baturen sak, har da garayar.

Ya saci kallon ƙasa. Ƙafafunta na jan ƙasa, amma ba sa barin sawu.

Ta sa baki daidai kunnensa. Numfashinta sanyi ƙalau.

"Kai fa? Wa ke jiranka?"

Akwai Sa'ade a Bakori. Shekara uku yana ce mata aure sai bayan girbi, alhali ya kai sadakin wata daban.

Ya ce, "Sa'ade. Ƙarya nake mata."



Ta ce, "Da ka ce babu, da tare za mu kwana yau. Ungo tukuici."

Ta hura masa iska a kunnen hagu. Ya waiga, ba kowa.

A ranar ya je Bakori ya faɗi gaskiya. Sa'ade ta ce ta yafe, sai kunnen ya yi zafi kamar an soka allura. Tun daga nan, duk wanda ya yi ƙarya a gabansa sai ya ji wannan zafin. A kasuwa, a gidan biki, har cikin ɗakinsa. Yanzu da auduga yake yawo a kunne.

Kada wanda ya bi hanyar nan shi kaɗai. In kuwa an tambaye ka wa ke jiranka, to, ka san abin da za ka ce.