Kwamfutar da Aka Rubuta An Lalata

Gab da faɗuwar rana Anti Lamba ta je karɓar makullin sito wurin mai gadi. Aikin minti biyar ne: ta sauka ƙasan bene, ta duba kwamfuta ɗaya, ta kama hanyar gida.

Shekararta tara tana riƙe da rajistar na'urorin ma'aikatar. Duk abin da ake jona wa wuta, ranar da ya shigo take liƙa masa lamba, ta rubuta a hannun wa yake, yaushe aka kai shi gyara, yaushe ya mutu. A nan ta samo sunan. Abokan aiki kan tsokane ta cewa ko jariri aka kawo ofis sai ta juya shi ta nemi inda za ta manna takarda.

Ƙa'idar aikin ita ce, idan kwamfuta ta gama yayi, a gabanta za a ciro ma'ajiyar bayananta a farfasa da guduma, sannan ta sa hannu. Sau ɗaya tak ta kauce, bara. Tsofaffi goma sha biyu aka tara mata. Ta leƙa, ta ga maiƙon yatsun mutane ya daskare a kan madannai, ga gashi, ga ɓurɓushin abincin shekara da shekaru. Ita kuwa mace ce mai ƙyanƙyami, ko da kofin mijinta ba ta shan ruwa. Daga nesa ta ce wa mai kwashe kaya ya yi abin da ya dace, ta koma kujerarta ta rubuta "an lalata" sau goma sha biyu.

To, ga shi kwana uku a jere mai lamba 417, ɗaya daga cikin sha biyun nan, tana bayyana a layin sadarwar ofis da zarar an tashi aiki, kuma daga sito. Gobe da safe masu bincike za su iso. Oga bai ɓoye mata ba: "Anti, duk wanda aka kama sa hannunsa a kan ƙarya, ba ni da bakin roƙa masa."

Mai gadi ya riƙe makullin bai saki ba.

"Ranki ya daɗe, ki bari sai da safe mana."

"Baba, safiyar ce ba ni da ita."

"To, ni dai ba na sauka can," in ji shi, ya haɗa mata da tocila.

Tun a matakala ta uku warin ya tare ta. Ruɓaɓɓen ƙwai, jiƙaƙƙen tsumma, da wani abu mai zaƙi-zaƙi a ƙarƙashinsu wanda ya fi su tayar da zuciya. Ta toshe hanci da gefen mayafi. Da ta tura ƙofa, kyankyasai suka watse a kan takalminta, ta ji ƙafafunsu a idon sawunta. Daɓen yana danƙo. Kowane taku sai takalmin ya ce caɓ.

Duk suna nan, goma sha biyun, jibge a bayan karyayyun kujeru. Mai kwashe kaya ko ɗaya bai taɓa ba. Takaici ya kama ta, na shi da na kanta.

Sai ta ji ƙarar madannai. Kas. Kas. Kas-kas.

Ta haska. A saman tulin, ɗaya tana buɗe, fuskarta na fitar da haske kore-kore. Babu wayar wuta a jikinta. Batirin ya kumbura har ya tsaga gindinta kamar cikin mushen akuya, wani ruwa mai yauƙi yana ɗiga daga tsagar. Ga takardar da ta liƙa da hannunta: 417.

Madannan suna lotsawa da kansu.

A fuskar kwamfutar rajistarta ce a buɗe. Layin 417. An goge "an lalata". Gurbin "a hannun wa" babu komai, ɗan layi yana ƙyaftawa a ciki.

Ƙofa ta rufe a bayanta, a hankali.

"Ke kika ce ta mutu."

Raɗa ce, daga cikin tulin wayoyin da suka cukurkuɗe a ƙasa. Numfashin mai maganar ya bugi fuskarta, da ɗumi, da warin nan mai zaƙi.

"Mun same ta babu mai ita, muka shiga. Yanzu kin ce babu mu."

Ta buɗe baki za ta yi addu'a, warin ya cika mata baki.

Wayoyin suka motsa. Hannu ya fito daga cikinsu, siriri, mai gaɓoɓi fiye da kima, yana naso. A ƙarƙashin kowane farce akwai baƙin maiƙon nan na madannai. Ya kama wuyan hannunta. Sanyi, da santsi.

Ya ɗora yatsunta a kan madannan. Suka nutse cikin danƙo.

"Rubuta mai ita."

Mai kwashe kaya ne ya faɗo mata a rai. Shi ya ci amana, shi ya kamata ya kwashi abinsa. Ta lalubi sunansa a kanta. Babu. Shekara tara, ba ta taɓa matsawa kusa da shi ba balle ta tambaya.

Hannun ya ƙara matsewa. Wani abu mai laushi ya fara hawa ƙafarta.

Ta rubuta nata sunan.

Haske ya ɗauke. Ƙofa ta buɗe.

Ba ta san yadda ta hau matakalar ba. A gaban mai gadi ta durƙusa ta yi ta kelaya amai. Ya kawo ruwa a buta, amma da ya matso sai ya ja da baya, ya ajiye butar a ƙasa ya tura mata da ƙafa.

Washegari masu bincike suka bi rajista layi-layi. Sha ɗayan an same su a farfashe, ba ta san wa ya yi ba. 417 kuwa tana aiki, ga sunan mai riƙe da ita. Ba su sami kuskure ko ɗaya ba. Oga har da yi mata jinjina a gaban kowa.

Aiki ya tsira. Hannun ne bai koma nata ba. Ta wanke da sabulu, da lemon tsami, da ruwan wanke banɗaki, har fata ta saɓule, amma kullum da yamma baƙin maiƙon sai ya dawo ƙarƙashin farcenta. Autarta ta daina karɓar abinci daga hannunta. "Umma, wari," ta ce, ta kawar da kai. Maigidan kuwa ya koma cin nasa a falo.

Bayan wata biyu ta kai wa Oga takardar ajiye aiki. Ya karanta, ya jinjina kai.

"Ba zan hana ki ba, Anti. Amma kin fi ni sani, ba mai tafiya sai ya miƙa kayan da ke hannunsa. Akwai ɗaya da sunanki. Wa za a rubuta?"

Ta waiwaya ta gilashin ofishinsa. Ga mai buga takardu da tsohon cikinta, ga akawu yana cin biskit yana lasar yatsu, ga Baba mai gadi can bakin ƙofa. Duk ta san sunayensu yanzu.

Ta miƙa hannu ta karɓe takardarta. Oga ya bi inda yatsunta suka taɓa teburin da kallo, ya jawo hankici.