Ɗinkin Wuya

Tun ranar da aka kai mijinta Gwadafra kogon matattu, Tazirga ba ta zubar da hawaye ba. Ita ke ɗinke gawarwakin tsibirinsu cikin fatun awaki, shi ya sa ba mai cin abinci da ita, ba mai haɗa hanya da ita. Gawar mijin ma ita ta ɗinke. Jijiyar ɗinki ta ƙare mata daidai wuya, sai ta ƙarasa da gashin kanta.

Ran nan duhu ya riske ta a hanyar kwari, tana ɗauke da garin sha'ir. Ta tarar da wani mutum ya raɓe gefe, kansa a sunkuye. Haka dokarsu take: namiji ba ya tanka wa mace a hanyar da ba kowa, sai in ita ta fara. Ta wuce abinta. Tana shan kwana, ga shi kuma a gabanta. Ba ta ji ƙarar takunsa a kan tsakuwa ba, sai warin man akuya da hayaƙi, irin na gawar da aka gyara.

"Bawan Allah, ba ka san ni ba ne?" ta ce. "Mai ɗinkin gawa ce. Matsa, kada in ɓata ka."

"Gara da kika fara," in ji shi, muryar kamar daga cikin tulu. "Na daɗe ina jira. Nan ne yake matse ni."

Ya ɗaga haɓa. Ta kai hannu yadda ta saba, ta bi ɗinkin da yatsa, har inda jijiya ta ƙare, gashi ya fara.