Tsohon da Ya Tare Rafi

Wata Laraba ce, rana na ƙuna, ba iska. A wani ƙauye da rashin ruwa ya kori samarinsa, wani tsoho ya saɓi galma ya nufi rafi. Ɗansa Nomau ya daɗe da tafiya. Ya ce ba zai dawo ba sai ranar da rafin ya riƙe ruwa har bazara.

Tsoho ya ɗebo laka, ya zuba, ya daɓe. Ya jera duwatsu, ya zuba, ya daɓe. Damina ta zo, madatsa ta cika. Kullum da yamma yakan zauna a kanta yana duban hanya.

Da rani ya shigo, sai ga wata tsohuwa daga ƙauyen gangare, da tulu ba komai a ciki.

Ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Rafinmu ya ƙafe."

Ya ce, "Na sani."

"Buɗe mana ko kaɗan ne."

"In na buɗe, ruwan ba zai kai bazara ba. Ɗana nake jira."

Ta ce, "Allah ya kawo shi. Ni autana yana can yana ɗaure kaya. Jibi zai tafi."

Ta cika tulunta ta gangara. Tsoho ya dubi ruwa, ya dubi hanya, ya dubi bayan tsohuwar har ta ɓace.

Da gari ya waye ya saɓi galma, ya sare gefen madatsar, ya shimfiɗa duwatsu a bakin don kada ruwa ya cinye ƙasar. Ya tsaya yana kallo, ruwa na gangarawa.