Allurar Da Ba Ta Yi Zafi Ba

"Buɗe baki, 'yata," in ji likitar haƙori.

Ban buɗe ba. Idona na kan ƙofa.

"Likita, don Allah minti biyar... zai zo."

Ni fa matsoraciya ce ta bugawa a jarida, ko allurar ɗinki na gani sai gabana ya faɗi. Shekara uku, duk zuwana ɗakin nan saurayina Injiniya ne ke tsayawa a kaina. Nakan cukuikuye hannun rigarsa har maɓalli ya fita, shi kuwa yana dariya.

"Sarauniyar tsoro, rigunana sun ƙare a hannunki!"

Ana nan sai yayarsa ta fara kawo ƙawarta gidansu. Yayar ta cika kunnen mahaifiyarsu cewa kullum ina hanyar asibiti, wai jinya zai auro. Wata biyu ke nan ban ji muryarsa ba.

Jiya na ajiye kunya na tura masa saƙo.

"Gobe ƙarfe goma za a cire min haƙori. Tsoro nake ji, masoyina..."

Ya karanta, bai ce komai ba. Duk da haka na sa rai, don bai taɓa barina da allura ni kaɗai ba.

Likita ta jawo wata ƙaramar na'ura, ta ɗauki wani abu kamar biro.

"Kwamfuta ce ke tura maganin, ɗigo-ɗigo. Yawancin zafin da kike ji a da, saurin tura ruwan ne da hannu."

Goma da kwata. Na buɗe bakin.

Na'urar ta fara ƙara a hankali, ƙit... ƙit... Ina jiran zafin, shiru. Leɓena kawai ya yi nauyi.

"Injiniya ne ya haɗa mana ita," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Da sassafe ya zo. Sai da ya sa na gwada a dasashinsa kafin ya yarda."

Zuciyata ta buga! Ashe yana nan?

"Ya tafi, 'yata. Ya ce in gaya miki ki yafe masa... wai yanzu ba sai kin riƙe kowa ba."

Hawaye suka gangaro har cikin kunnena. Likita ta ɗaga ƙafa daga kan fedar na'urar da sauri.

"Subhanallahi! Kin ji zafi ne?"

Na girgiza kai. Ko kaɗan ban ji ba, ya yi aikinsa da kyau.

Hannuna na dama ya laluba gefe, ya damƙi ƙarfen kujera.

Wallahi da ma ta yi zafi, ya zo.