Ranar da Jagaba Gado Ya Hau Rumbun Gandu

A ƙarshen zamanin Madugu Maman Lawali, wanda ya daɗe riƙe da sandar fataken Sabon Garin Maraɗi har yaran da ya koya wa hanya suka yi furfura, a shekarar da aka rufe iyaka tsakanin Nijar da Najeriya, cikin tsananin bazara, wannan al'amari ya faru. Waɗanda suka ba ni labarin sun gani da idonsu, kuma babu abin da za su samu in sun ƙara gishiri.

Fataken yanzu ba su da jakuna da takarkarai, sai manyan motocin da mutanen Maraɗi ke kira kamiyo, amma ba su yar da tsarin kakanninsu ba. Akwai Madugu, uban ayari. Ƙarƙashinsa akwai Jagaba mai shiga gaba ya gyara hanya, da Ubandawaki mai tsaron baya, sai Sarkin Zango da Liman, waɗanda su ne masu zaɓe idan sanda ta faɗi. Jagaban wannan zamani shi ne Alhaji Gado ɗan Maiwada, mutumin Tsibiri. Tun yana saurayi ya bar gandun gidansu a hannun wansa Kabo, ya shigo birni da riga ɗaya, ya yi ta faman hanya har ya mallaki kamiyo na kansa da mangazar ajiye wake. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Babu ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, ko jandarma daga Ɗan Isa zuwa Jibiya da bai san sunansa ba, har da na 'ya'yansu, kuma da wannan yake buɗe duk shingen da ya tare ayari. Burinsa guda ne a duniya, kowa ma ya sani: ranar da za a naɗa masa rawanin Madugu.

Rufe iyaka ya zo wa Maraɗi kamar ƙawanyar yaƙi, sai dai babu dakaru a bakin gari, babu kuma wanda za a fita a kara da shi. Gado ya ce abin ba zai wuce wata ɗaya ba. Da kaka ta yi ya zuba duk ƙarfinsa a wake, ya loda motocinsa ya jera su a Ɗan Isa, bakin iyaka, don ya zama na farkon shiga ranar da aka buɗe. Ba a buɗe ba. Motoci suka yi ta shan rana, ƙwari suka shiga buhuna, da aka kwance igiya sai gari da wari. Yana cikin wannan hali aka aiko daga Tsibiri cewa Kabo ya rasu, bayan ya gama kai amfanin gona rumbu ya liƙe. Gado ya je jana'iza da safe, ya komo kafin la'asar, wai ana jiransa a tasha.

Da bazara ta shiga sai Allah ya karɓi ran Madugu. Al'adar fatake ita ce, daga ranar binnewa zuwa sadakar arba'in, duk mai neman sanda sai ya buɗe zaurensa ya ciyar da direbobi da 'yan alaru da baƙin da hanya ta tsare. Wanda tukunyarsa ta huce kafin arba'in ya fita daga takara, domin an ce wanda ya kasa riƙon zaure ba zai riƙe ayari ba. A shekarar ƙoshi wannan abin wasa ne, amma a bana rabin Sabon Gari ba shi da aikin yi, kowa kuma da cikinsa ya zo gaisuwa.

Gado bai zaci zai samu abokin karawa ba, sai ga Ubandawaki Zakariya'u ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa. Wannan Zakariya'u, Gado ne ya tsince shi yana karen mota, ya koya masa tuƙi, ya yi masa aure, shi kuwa yaron ya sha rantsewa cewa ba zai taɓa miƙa hannu ga abin da ubangidansa ke so ba. Amma shi bai zauna jiran iyaka ba. Tun farkon rufewa ya juya motocinsa zuwa lambunan Jiratawa, yana kwasar zogale da tattasai da albasa zuwa Yamai da Damagaram, saboda haka tukunyarsa na tafasa da nama. Sarkin Alaru ne ya fara sauya zaure, yana cewa gaisuwa kawai ya je. Bai komo ba, jama'arsa kuma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Gado ya ji zafin wannan fiye da asarar wake, ya kuwa yi rantsuwa ba zai sauke tukunya ba. Ya sayar da mangaza. Ya sayar da motocinsa, saura guda. Matarsa Hajiya Balkisu ta yi masa magana a ɗaki, ta ce rawani ba ya tsufa, ya bari har Allah ya warware, ya ce mata ba ta san sha'anin maza ba. Ana saura kwanaki kaɗan arba'in, mai dafa abinci ta aiko cewa hatsi ya ƙare ƙaf. A nan ne Gado ya tuna da rumbun gandu.

Ga wanda bai san ƙauyukan gulbi ba, rumbun gandu ba rumbun cin yau da gobe ba ne. Da an gama kaka ake cika shi, maigida ya ɗora murfi ya liƙe da laka. Duk rani mutanen gida su yi ta maneji da ɗan abin da suka samu, maza su tafi cin rani, ba mai taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka. Shi ne abincin damina, lokacin da kowa ke duƙe a gona kuma hatsi ya yi tsada a kasuwa. Maigida kaɗai ke buɗe shi, kuma tun rasuwar Kabo, Gado ne maigida.

Ya ɗauki kamiyon da ya rage da direba da 'yan alaru huɗu, suka isa Tsibiri da hantsi. Ya iske ƙanwar ubansa, Gwaggo Yalwa, zaune a gindin bishiyar bedi tana tsinkar zogale. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ruwa ya sauka ne ban sani ba?" in ji ta.

Ya yi mata bayani mai tsawo. Ya ce aro ne, da an naɗa shi zai mayar da ninki, gidan Maiwada kuma zai samu sunan da bai taɓa samu ba. Tsohuwa ta saurare shi har ya gama, sannan ta kakkaɓe zanenta.

"Kai ne maigida, Gado, babu mai hana ka. Amma yadda ubanka ya buɗa, yadda Kabo ya buɗa, haka za ka buɗa."

Al'adar gidan ita ce, duk mai ci daga rumbun sai ya zo ya tsaya a gindinsa. Maigida ya hau, ya fasa laka, ya kwance damin farko, ya kira kowa da sunansa ya miƙa masa zangarniya guda, sannan a ɗebi hatsi. Gado ya ga an yi haka yana yaro, ya kuma ɗauke shi wasan mutanen da. Ya ce a kira su maza, rana na yi.

Aka taru. Ga Tani matar marigayi Kabo, ga 'ya'yanta, ga matan 'yan'uwa da mazansu suka tafi cin rani, ga ƙanana bisa baya, ga wani tsoho makaho da ya yi wa Maiwada barance. Gado ya naɗe babbar rigarsa ta shadda ya hau tsani. Ya fasa laka, ya ture murfi, ya kwance dami. Ya kira Yalwa, ta karɓa. Ya kira Tani, ta karɓa. Ya duba ƙasa don ya kira na uku, sai ya ga fuskoki cike da fili sun ɗaga kai suna kallonsa, da yawansu da hancin Kabo da goshin Maiwada, kuma babu ɗaya da ya san sunanta.

'Yan alarunsa na jingine da mota suna kallo. Ya yi ta laluben ƙwaƙwalwarsa har ya tuna suna guda, domin shi ya aiko da ragon sunan. Ya dubi wata doguwar budurwa da ke tsaye kusa da Tani, ya miƙa zangarniya, ya ce da ƙarfi, "Tsahara."

Ba wanda ya motsa. Budurwar ta sunkuyar da kai.

"Wagga Zuliha ce, Alhaji," in ji Tani. "Tsahara ta rasu bara waccan da damina. Rumbu ya ƙare kahin sabon hatsi ya nuna, zazzaɓi ya iske ta babu komi a jiki. Ai ka aiko direba da goro."

Gado ya dubi zangarniyar da ke hannunsa. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a jin ta a gaban abokan gaba sai a gaban naka. Ya tuna goron, ya tuna ranar, yana can Jibiya wajen sunan ɗan wani ma'aikacin iyaka. Direba ya gaji da jira ya danna odar mota. Gado ya mayar da dami cikin rumbu, ya ce a kawo masa ƙasa da ruwa. Aka kwaɓa aka miƙa masa, ya ja murfi ya liƙe da hannunsa, laka na zuba a gaban shaddarsa. Ya sauko ya sallami mota wayam.

Washegari ya tafi zauren Sarkin Zango, inda Liman da manyan fatake ke zaune, Zakariya'u ma yana nan. Bai sake riga ba.

"Ranka shi daɗe, na sauke tukunya," in ji shi. "Jagabancin ma ga shi nan, a ba wanda ya dace."

Sarkin Zango ya yi ta ba shi baki, ya ce iyaka ba za ta dawwama a rufe ba, mutum irinsa ba a samunsa a kasuwa. Zakariya'u ya taso ya durƙusa gabansa, ya roƙe shi ya riƙe Jagaba, ya ce zai ba shi mota biyu ya juya. Ko da gaske yake ko don idon jama'a, Allah ne masani. Gado ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yafe masa, amma yana da ayarin da ya bari babu jagora tun da daɗewa, can zai koma.

Ya sayar da kamiyon ƙarshe ya sayi shanun noma biyu da garma, abin da ya saura ya sayi hatsi don gida ya kai ga ruwa ba a taɓa rumbu ba. Ya sa 'yan haya a gidan Sabon Gari. Hajiya Balkisu ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, ko da yake an ga alamar maganar a bakinta. Ta ɗaure kayanta ta bi shi. A Tsibiri ya zama abin dariyar yara, domin kullum da an ajiye tuwo sai ya bi su ɗaya ɗaya yana tambayar suna, yana maimaitawa, yana ɓatawa, suna gyara masa.

Ga yadda ƙarshen al'amarin ya kasance. An naɗa Zakariya'u Madugu, aka yi kiɗa da busa, 'yan kabu-kabu suka cika titi da hayaƙi. Daga baya iyaka ta buɗe, ya yi arziki, kuma gaskiya ya riƙe fatake da adalci. A Sabon Gari, in an zo lissafin masu sarauta, ana ambaton Gado a matsayin Jagaban da ya tsorata ana gab da nasara. Noma kuwa bai zo masa da sauƙi ba. Hannunsa ya yi ta fashewa, kunyoyinsa na farko sun karkace har maƙwabta na zuwa kallo, amma a wannan damina rumbu ya kai su ga sabon hatsi, ba a kuma fitar da gawa daga gidan ba.

Na daɗe ina duba sha'anin mulki, na ga mutum yakan ƙare ƙarfinsa wajen neman jama'ar da za ta bi shi, alhali wadda Allah ya ɗora masa tana tsaye tana jira. Ƙaddara ta ƙwace wa Gado motoci da rawani ba da shawararsa ba. Saukowa daga rumbu hannu wofi kuwa, wannan shi ya zaɓa, kuma a ganina ya fi naɗin wuya.

Mutanen Tsibiri ba su riƙe duk wannan ba. Abin da suke bayarwa shi ne labarin safiyar da ruwan shuka ya sauka. Gado ya hau tsani da tsohuwar taguwa, ya fasa lakar da ya liƙa, ya kira su tun daga Yalwa har jaririn da ke bayan uwarsa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya juya zai sauko, sai Gwaggo Yalwa ta ɗaga hannu.

"Saura mutum guda."

Ya sake bin fuskoki da ido, hankalinsa ya tashi, ya ga kowa na riƙe da zangarniyarsa.

"Kai daga ina za ka ci bana?" in ji ta.

Ya zaro zangarniya ɗaya daga damin. Bai ce Alhaji ba, bai ce Jagaba ba. Ya ce, "Gado ɗan Maiwada," ya soke ta a aljihun taguwarsa, ya sauko ya ɗauki sungumi.