Farin Gari a Gindin Tumatir

A bakin coci a Dabai Kefas ya fara ganin Keziah, tana raba wa matan zumunta tumatir ɗin lambunta. Shi mai gyaran waya ne a kasuwar Zuru, bai taɓa riƙe fartanya ba, amma ranar ya tsaya yana yabon tumatir kamar wanda aka haifa a fadama. Ta yi dariya ta ba shi guda biyu, shi kuma bai tafi ba sai da ya karɓi lambarta.

Bayan wata shida ya je gaban mahaifinta, Baba Solomon, tsohon soja. Tsohon ya kama tafin hannunsa ya duba, ya girgiza kai.

"Ni shekara bakwai na yi golmo, ina yi ma surukina noma, kafin a ba ni uwarta. Kai ga kunya huɗu a bayan gida, ka shuka tumatir. In tumatir ya yi, turo manyanka. In bai yi ba, koma ma wayoyinka."

Kefas ya duƙufa. Tumatir ya fara 'ya'ya, sai ƙasan kowane ɗa ya riƙa yin baƙi yana ruɓewa. Ana cikin haka aka tsegunta masa cewa kullum da safe ana ganin Keziah a teburin Michael mai shayi. Ya laɓe ya gani da idonsa: Michael ya miƙa mata baƙar leda, ta karɓa tana murmushi. Kishi ya turnuƙe shi, ranar ko abinci bai iya ci ba.

Ya tura mata saƙo: "Tauraruwata, shayin Michael ɗin da zuma ake haɗa shi?"

Ta amsa: "Ka bar zargi, Kef nawa. Kai dai kula da tumatirinka."

Washegari ya tarar da wani farin gari zagaye da gindin kowace shuka. Ashe asiri Michael ya yi masa don a hana shi Keziah! Ya sa hannu ya kwashe garin tas, yana addu'a, ya zubar a rafi. Washegari ma ya tarar, ya sake kwashewa. Haka aka yi kwana bakwai.

A rana ta takwas ya yi sammako ya ɓuya bayan bishiyar mangwaro don ya kama Michael. Sai ga Keziah da kwano a hannu, ta durƙusa tana barbaɗawa.

"Ke? Har ke ya aiko?" Kefas ya fito daga bayan bishiyar.

Ta dube shi, ta dubi kwanon. "Wa ya aiko ni? Ɓawon ƙwai ne fa! Shi nake roƙa wurin Michael, in wanke, in shanya, in daka. Shi nake sa ma tumatirina don kar ƙasansa ya ruɓe. Na ɓoye ne don kar Baba ya ce na taya ka." Sai ta dubi gindin shukokin. "Tsaya. Kai ke kwashewa? Ni ina can ina tsine ma kajin maƙwabta!"

Kunya ta rufe Kefas, ya rasa inda zai sa kansa. Ga tumatir ya lalace, ga shi ya ɓata wa masoyiyarsa rai.

Sai suka ji tari. Baba Solomon ne jingine da darni.

"Sati guda ina kallonku, ɗaya na zubawa, ɗaya na kwashewa. Yaro, noma kam ba ka iya ba." Kefas ya sunkuyar da kai. "Amma ka ɗauka asiri ne, ka sa hannunka tsirara ka kwashe, gobe ka dawo. Na ga sojan da ya gudu kan abin da bai kai wannan ba. Turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure, coci ya cika har waje. Da Baba Solomon ya ɗora hannun 'yarsa cikin na Kefas, sai tsohon soja ya ce:

"Ga ta nan, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambaye ta."

Jama'a suka amsa da amin, Keziah na share hawaye.