Rabin Teburin Mazin

Ƙara ce ta haɗa su. Wata Talata bayan azahar, lokacin da zafin Alkahira ke kwantar da kowa, Zainulabideen ya hau bene na biyu na gidan wasannin ɗalibai baƙi da ke Abbasiya, riƙe da makullai. Shi ne sabon sakataren wasanni na ƙungiyarsu, an aiko shi ya duba tsohon ɗakin tanis na tebur da aka ce shekara biyu ba a buɗe shi ba.

Yana isa ƙofar ya ji ƙwas... ƙwas... ƙwas. 'Yar ƙwallo ce ke dukan katako tana dawowa, a natse, ba gaggawa. Ya dubi kwaɗon, a garƙame yake, tsatsa ta ci shi. Tsikar jikinsa ta tashi. Ɗalibin hadisi ne da ya haddace addu'o'in neman tsari kaf, amma ranar ko ɗaya ba ta zo bakinsa ba.

"Kar ka buɗe, ya zol."

Ya waiwaya a firgice. Budurwa ce tsaye a matakala, cikin lufaya ruwan toka, da kwanon abinci a hannu. Idanunta manya ne, kuma babu tsoro a cikinsu, sai wata damuwa.

"Wa ke ciki?" in ji shi.

"Wanda ba ya son a gan shi. Ma'alish, ka dawo wata rana."

"Ke mutum ce dai ko?"

Ta kusa yin dariya. "Sunana Tasneem. Babana ne mai kula da ginin nan. Aljanu ba sa ɗauko tuwo a jirgin metro tun daga unguwar Hadayek el-Maadi."

Ya sauka bai buɗe ɗakin ba, amma ya bar zuciyarsa a matakalar. Daga ranar, malam sakatare ya zama mutum mai tsananin son aiki, kullum bayan azahar akwai abin da zai duba a ginin. Ba a yi wata biyu ba suka san juna, ya san Hausawan Sudan ne, kakanninsu sun taso daga ƙasar Katsina za su Makka suka yada zango a hanya. Saƙonni suka fara kai-komo.

"Sanyin idona, yau na karanta shafi ɗaya sau bakwai ban fahimci komai ba. Laifinki ne."

"Tamam, Malam Zainu. Gobe ka faɗa wa shehinku haka, in ji abin da zai ce."

Sai dai ginin da ya haɗa su yana da rigimarsa. A shekarar 2014 ɗin nan an hana 'yan kallo shiga manyan filayen ƙwallon Masar, ana buga wasa kujeru na kallon kujeru, don haka ɗalibai suka koma cika ɗan filinsu. Ƙwallon ƙafa ta zama sarauniya. Masu canjin kuɗi na Wustul Balad, wato tsakiyar birni, suna biya a rubuta sunayensu a rigunan 'yan wasa, masu shayi suna biyan kuɗin wuri ranar gasa. In an zo rabo, cikin kowace fam goma tara na ƙwallon ƙafa ce, 'yan gudu da 'yan ƙwallon hannu su yi ta cacar baki a kan ɗayar. Tanis kuwa ko sunansa ba a kira.

Badamasi, kyaftin ɗin ƙwallo, dogon saurayi mai son a gan shi, shi ya kawo shawara a taro: a kwashe tarkacen ɗakin tanis a mai da shi ma'ajiyar kayan ƙwallo.

"Ƙwallo ce ke ciyar da kowa a nan," in ji shi. "Ɗakin da babu mai shiga sai abin da ba a gani, me ake jira da shi?"

Zainu ya yi magana har muryarsa ta dushe, aka kaɗa ƙuri'a aka kayar da shi. Abin haushin ma, Badamasi bai yi ƙarya ba. A matsayinsa na sakatare dole ya sa hannu a takardar, aka manna ta a ƙofar ɗakin: za a kwashe kaya ranar Asabar.

Shi Badamasin ya taɓa neman Tasneem, mahaifinta Baba Abakar ya kore shi. Da ya ji Zainu ya tura manyan ɗalibai neman izinin aurenta, sai ya bi ta gaban tsohon ya yar da magana: "Baba, ni ɗan wasa ne kawai. Uban ƙwallon shi ne sakatare, ku duba sa hannun da ke ƙofar can."

Amsar da wakilan suka dawo da ita gajera ce. "Ƙwallo ta ci mini ɗa, ba za ta ci mini 'ya ba. Khalas."

Da la'asar saƙon Tasneem ya shigo.

"Na ga sa hannunka. Ashe duk zaryar da kake yi ɗakin kake aunawa. Kar ka sake kira na."

"Tasneem, wallahi ni kaɗai na ƙi a taron. Ki gaya mini me ke cikin ɗakin nan, ko da shi ne saƙonki na ƙarshe."

Ta yi kwana guda ba ta amsa ba. Sannan ta rubuto:

"Yayana Mazin babu wanda ke cin sa a tanis. Abuy, babanmu, shi ne ya koya masa a kan teburin nan. Kofi kawai yake samowa, ba kuɗi, sai ya koma ƙwallon ƙafa. Wani dillali ya ce zai kai shi gwaji Turai, suka shiga jirgin ruwa daga Iskandariyya. Har yau shiru, ba gawa ba labari. Abuy yana shiga ta ƙofar baya yana wasa shi kaɗai. Ba ya son kowa ya sani."

Zainu ya karanta. Tausayi ya kama shi har ya ji kunyar tsoron da ya yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ginin ya yi tsit, ƙarar ta fara. Ya bi ta matakalar baya ya tura ƙofar. Ƙura ta rufe tagogi, hasken da ke shigowa ja-ja ne. An naɗe rabin teburin ya miƙe tsaye kamar allo, Baba Abakar yana buga ƙwallo a jikinsa tana dawo masa. A kan kujera akwai raket na biyu, an goge shi tas.

Tsohon bai waiwayo ba. "Asabar aka ce. Ko har ka ƙosa?"

"Baba, ba kwasa na zo yi ba. Na zo in roƙe ku ku koya mini."

Ƙwallon ta faɗi ta gangara ƙarƙashin tebur. Baba Abakar ya dube shi sama da ƙasa. Zainu ya matsa ya kama rabin teburin da ke tsaye. Tsohon bai hana shi ba. A hankali Zainu ya sauke shi, ƙarfen ya yi kuka, teburin ya kwanta cikakke karo na farko cikin shekara biyu.

Tsohon ya ara masa nasa raket ɗin, amma gaskiya Zainu bai iya ba. Bugun farko ya doki silin, na biyu ya doki hancinsa.

"Riƙe shi kamar alƙalami, ya waladi," in ji tsohon. Ya miƙa masa raket ɗin Mazin da ke kan kujera. Tasneem, da ta iso da kwanon abinci, ta tsaya a bakin ƙofa hawaye na zuba.

Da suka gaji suka zauna, Zainu ya ce, "Na kasa hana su ɗakin, Baba. Amma na nemi teburin, sun bar mini."

"Ita kuma waccan ba za ka sake nema ba?" Ya nuna 'yarsa da haɓa. "Ka turo manyanka."

Tasneem ta rufe fuska da lufaya. Zainu, don ya ɓoye murna, ya ce, "Ranar Talatar da na fara jin wasanku, saura kaɗan in sume."

Baba Abakar ya ɗago kai. "Talata? Ni Juma'a kawai nake shigowa nan."

Zainu ya dubi Tasneem, ita ma shi take duba. Tsohon ya shafa gefen teburin, ya yi wa Mazin addu'ar da ya daɗe yana ƙin yi, irin wadda ake yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya. Suka shafa tare.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a Hadayek el-Maadi, ɗalibai suka cika layin, har Badamasi ya zo ya ba da hannu yana sunkuyar da kai. Cikin kayan amarya akwai wani koren tebur da maza shida suka hau da shi saman bene suna haki. Baba Abakar ya haɗa hannayen ango da amarya ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Allah ya sa kada ɗayanku ya taɓa tsayawa shi kaɗai a gaban rabin tebur."

Ɗakin Abbasiya kuwa riguna da takalma sun cika shi, kuma tun daga Juma'ar nan ba a sake jin ƙarar ba.